Magani a Juji

Gonata tana gefen Abu Hamad,
taku ɗari uku daga bakin Nilu.
Kakana ya sare ta
a shekarar da guzurin Makka ya ƙare masa a hanya.
Ya ce a yi noma ɗaya a wuce.
Ga mu har yau.

Sai zinariya ta ɓulla a hamada.
Aka kafa injin niƙan dutse a tudun da ke samanmu,
dare da rana yana tauna,
samari na cuɗa gari da zaiba a cikin daro,
hannu tsirara, suna raha.
Ruwan wankin bai tambayi kowa hanya ba,
gangare ya sani, gangare ya bi,
ya zo ya kwana a gindin albasata.

Ƙasa ba ta ihu.
Kuɓewa ce ta fara kai ƙara,
ganyenta ya ƙanƙance kamar kunnen ɓera.
Akuyar Dafalla ta haihu, ɗan bai miƙe ba.
Na ƙara taki, na ƙara ruwa,
ina yi wa mai ciwon ciki ɗure.

Mahasin, 'yar ƙanwata, yaƙi ya koro ta daga karatu
da jaka ɗaya da tabarau mai tsaga.
Ta ɗebi ƙasa a kwalaben zuma tara,
ta kai Atbara, ta dawo da takarda:
zaiba, dalma,
da wani suna da harshena ya ƙi ɗauka.

Na ce, nawa ne kuɗin magani?
Ta ce, Kawu, ina kuke zubar da shara?

Haka na koma bin juji da furfurata.
Busassun rassan dabino, ƙwallayen da aka tsotse aka tofar,
ƙashin raƙumi daga bayan mahauta,
ɓawon gyaɗa buhu huɗu,
ɓawon ƙwai daga wurin Batulu mai shayi,
wadda ta dube ni ta ce,
Malam Sidi, lafiya dai ko?
Na ce da sauƙi, gona ce ke kwance.

Muka cusa su a tsohuwar gangar mai,
muka rufe baki, muka bar wa wuta ƙofar numfashi kaɗan.
Ta ci cikin kunya, ba harshe, ba toka,
da asuba sai baƙin gawayi mai ƙara kamar fasasshen tangaran.
Muka daka, muka barbaɗa, muka kifa da fartanya.

Ta ce, cikin kowane ɗan gutsure akwai ɗakuna dubu,
guba za ta shiga ta rasa ƙofar fita.
Na ce, ashe za ta tafi?
Ta ce, a'a, Kawu, ba ta tafiya.
Turke ta muke yi,
kamar sa mai tunkuyi,
don kada saiwa ta same ta a sake.

Albasar farko ta yi kai kamar dunƙulen hannu.
Mahasin ta hana a ci.
Na tsaya ina kallonta a rana,
bakina cike da yawu da haushi.

An sake kai kwalabe.
Lambar ta sauko, ba ta kai inda ake so ba.
Injin yana nan yana tauna a tudu,
na haƙa rami tsakanina da ruwansa,
na je na yi magana, an ba ni shayi, an sallame ni.

Amma jiya na kife ƙasa da yatsa,
sai ga tana guda ɗaya, ja, tana murɗawa,
rabona da ita shekara shida.
Na mayar da ita a hankali, na rufa mata.

Batulu yanzu gwangwani ta ware.
Kafin in zauna ta turo shi da ƙafa,
ta ce, ga na marar lafiyarka,
ka gaishe ta.